Makauniya Tarana da Gonar Acca

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, mu shimfiɗa mata tabarma.

To ku matso. Ke Kande, bar mintsinin ƙanenki, ina ganinki. Wanda ya san barci zai yi ya tashi tun yanzu, ni ba na maimaita magana.

Wani gari ne ana ce masa Bakin Fa. Garin dawa ne. Dawa suke shukawa, dawa suke ci, in an zauna hira ma ta dawa ce. In ka ce musu akwai wani abinci a duniya ban da dawa, sai su dube ka su ce Allah ya ba ka lafiya.

Dawa kuwa kun san halinta, ba ta sauri. Da ruwan farko ake shuka ta, sai damina ta ɗauke sannan ta ga damar nuna. Kafin nan rumbu ya ƙare. Gona kore shar, tukunya wayam. Saboda haka suke da rumbun gari, babba, a ƙofar fada. In yunwa ta matsa sai a buɗe, a ba kowa ɗan abin da zai riƙe rai.

Mai garin shi ne Sarkin Noma Barmo. Manomi ne na gaske, ba zan yi masa ƙarya ba. Kunyar gonarsa miƙe take sambal. Ciyawa in ta ji tarinsa sai ta bushe da kanta. Ciwonsa ɗaya ne, bai taɓa jin labarin wani abu da bai sani ba.

Wata shekara fara ta sauka musu. Rumbun gari ko rabi bai yi ba. Sarki ya hau tsani ya leƙa, ya sauko, ya sake hawa ya leƙa, bai ƙaru ba. Sai ya sa aka yi shela.

"Jama'a, bana rumbu ba zai isa kowa ba. Ranar da za a buɗe, mai gona a tsaye za a ba shi. Wanda ba shi da gona, ya yi haƙuri."

Aka duba. Kowa na da gona, sai mutum biyu. Tsohuwa Tarana, makauniya. Tsoho Mantau, gurgu. Bukkokinsu na jingine da juna can bayan gari, a gefen wani fako mai tsakuwa wanda ko akuya ba ta tsayawa a kai. Ba mata da miji ba ne, ba kuma dangi ba. Maƙwabta ne shekara arba'in, kuma shekara arba'in ɗin nan ba ranar da ba su yi faɗa ba. Ita ke ɗebo masa ruwa, shi ke gaya mata in akwai maciji a hanya.

Mantau ya ce, "Tarana, kin ji shela?"

Ta ce, "Idona ne ya mutu, ba kunnena ba."

"To an ce mu yi haƙuri."

"Da wace miya ake cin sa?"

Mantau ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Tarana ba ta yi ba. Ta saurari tarin nan, ta ji yadda yake fitowa daga can ƙasan ƙirji, tsoro ya kama ta. Ita ta san za ta iya jan rai da ganye. Shi wannan tsohon ba zai iya ba.

Da safe ta ɗauki guntuwar fartanya da sandarta ta shiga daji. A zamanin yunwa haka mutanen da suke yi, a nemi gidan tururuwa a tone, a kwashe 'ya'yan ciyawar da suka tara. Neman gidan bai ba ta wuya ba. Ta yi ta tafiya har ta ji cizo a ƙafa, ta ce, "Yauwa, na iso."

Ta ɗaga fartanya ta sara. Ta ɗaga ta sake sarawa. Ta ɗaga na uku, sai ta ji murya daga ƙasa.

"Haba baiwar Allah! Ko sallama babu, sai fartanya?"

Tarana ta ce, "Salamu alaikum. Na zo sata."

"Amin, wa alaikumus salam. Ni ce Sarauniyar Tururuwa. Me ya yi zafi?"

Tarana ta gaya mata. Sarauniya ta ce, "Abin da ke rumbuna in kin kwashe, kwana huɗu zai yi muku, mu kuma mun mutu. Ki bar mana gidanmu, in ba ki iri."

"Irin me?"

"Sunanta Acca. Kwana saba'in take yi ta nuna. Ba ta son kunya, ba ta son taki, ba ta son rami. Ki gauraya ta da yashi, ki watsa, ki ja reshen ƙaya a kai, shi ke nan."

Tarana ta ce, "Abu mai sauƙi haka, ina mugun labarin? Faɗa mini tun yanzu."

Sarauniya ta ce, "Tana da 'yar uwa, Harkiya. Ita ciyawa ce, ba ta ba da tuwo, sai cin wuri. A gauraye muke kwaso su, a gauraye zan ba ki. In kin bar Harkiya, za ta shaƙe Acca."

"Yaya zan rabe su?"

"Mu iri muka sani, ganye ba sana'armu ba ce. Abin da na ji dai ana faɗa, Acca inda aka ajiye ta nan take zama."

Tururuwa suka yi layi, suka yi ta fitowa da iri ɗaya ɗaya, har ya cika tafin hannun Tarana sau uku. Ta ƙulle kashi uku a bakin zanenta ta koma gida. Ta kwance ƙulli ɗaya ta nuna wa Mantau. Ya duba, ya duba, ya ce, "Tarana, an cuce ki. Ƙasa aka ba ki."

Ta ce, "Kai dai riƙe mini biyun nan, kar ka yi atishawa."

Ta tafi fada, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, na zo a san ni ma ina da gona. Fakon bayan gari."

"Me za ki shuka a fako, Iya?"

Ta miƙa masa ƙullin iri. Ya ɗauka ya murza, ya ce yaya ake shuka shi. Ta ce watsawa ake yi.

Sarki ya ce, "Subhanallahi! Watsawa? Iya, wannan ai zubar da iri ne. Bari, ni da kaina zan yi miki."

"Ranka ya daɗe, an ce ba ta son..."

"Wa ya ce?"

"Tururuwa."

Sarki ya ce, "Allah ya ba ki lafiya, Iya."

Ya zo da garma. Ya zo da jaki huɗu na taki. Ya fasa fakon nan da ƙyar, ya ja kunya sambal, ya sara rami, ya zuba iri, ya take da diddige, yadda ake yi wa dawa. Aiki ya yi kyau, kowa ya yaba. Da aka watse, Tarana ta kara kunnenta a ƙasa, ta ji wata 'yar siririyar murya tana waƙa:

"An binne ni, an binne ni,
ban mutu ba an binne ni.
Ƙafata gajera, rami da zurfi,
sai wata shekara, Tarana."

Kwana goma ba abin da ya fito. Sarki ya zo ya duba, ya ce irin ne ba shi da kyau.

Tarana ta kwance ƙulli na biyu, ta gauraya da yashi, ta matsa gefe inda garma ba ta taɓa ba, ta watsa, ta ja ƙaya a kai. Ruwa ya sauka. Kwana uku sai Mantau ya ce, "Ke, ƙasa ta yi gemu." Kwana goma ya ce, "Ta yi kore." Kwana ashirin ya ce, "Wallahi ko ni na fara jin yunwata da daɗi."

Ranar nan Tarana ta tafi daji tsinkar tafasa. Sarki ya biyo ta wurin a kan jakinsa. Ya ga fili ya cika da siririn ganye, ba kunya, ba layi. Tausayi ya kama shi. Ya ce, "Kai, jama'a, ba mu da kirki. Gonar makauniya ta cika da ciyawa muna kallo!"

Nan take ya kira gayya. Samari talatin, fartanya talatin, makaɗi a gaba. Mantau ya yi ihu daga ƙofar bukka, "Ku bari! Ku bari!" Ganga ta danne muryarsa. Da suka ga yana ɗaga hannu, suka ce tsoho yana sa musu albarka, suka ƙara himma. Kafin rana ta take, fili ya yi fes kamar tsakar gida. Aka tara ganyen aka ba jakin Sarki.

Tarana ta dawo. Ta sa ƙafa, ta ji ƙasa tsirara. Ta tsuguna ta shafa nan, ta shafa can, babu.

Sarki ya ce, "Ba sai kin gode ba, Iya."

Ta ce, "To, ranka ya daɗe."

Da suka tafi ta zauna ta yi kuka, kuka sosai, har da majina. Mantau bai tsokane ta ba, kuma tun da suke ranar ce ta farko. Da ta gama ya miƙa mata ƙulli na uku, ya ce, "Ban yi atishawa ba."

Wannan karon ta zaga bayan wani dutse da ke gefen fakon, inda ya fi ko'ina muni, tsakuwa zalla. Ta ja Mantau a kan buzu ta ajiye shi a inuwar dutsen. Ta gauraya, ta watsa, ta ja ƙaya. Ruwa ya sauka, tsiro ya fito.

Ana gobe za a buɗe rumbun gari, Sarki ya zaga duba gonaki, har ya iso can. Ya tsaya ya kalla.

"Iya, na yi miki shuka, na yi miki noma. Wannan kuwa ko kunya ɗaya babu. Ba zan kira ta gona ba. Ba zan kuma ƙara sa hannuna ba."

Tarana ta ce, "Allah ya ja zamaninka. Wannan na gode."

Washegari aka buɗe rumbu. Aka ba kowa, aka tsallake bukka biyu.

To, yanzu ga aiki. Tsiro ya tasa, ya kai tsawon yatsa, ya kai tsawon hannu. Tarana ta durƙusa a bakin gonar ta yi sallama.

"Wace ce Acca a cikinku?"

Gona duka ta amsa, "Ni ce!"

Ta juya wajen Mantau. "Kai mai ido, duba mini."

Mantau ya ware ido, ya ƙanƙance ido, ya rufe ɗaya ya buɗe ɗaya. Ya ce, "Duk kore ne."

"Shekara arba'in kana yi mini gorin ido, ashe iyakarsa ke nan."

Ta sake tambaya, "Wace ce Harkiya?"

Sai wata murya mai kauri ta ce, "Harkiya? Ai ba ta zo ba, Iya. Mun baro ta gida, ba ta da lafiya. Sannu da aiki, Iya. Ina gajiya? Ina baƙin ciki? Kai, zanen nan ya yi miki kyau."

Tarana ta ce a ranta, gaisuwar nan ta yi yawa. Amma murya ba a kama ta da hannu, kuma iri ya ƙare. In ta cire Acca ta bar Harkiya, ta kashe Mantau da hannunta.

Ta kwana tana juyi. Da safe ta ɗauki ƙwarya ta tafi juji, ta ciko ta da kashin awaki. Ta zo ta juye a gefen gonar, tari guda. Ta ɗaga murya.

"Wannan taki na Acca ne, ita kaɗai. Ni makauniya ce, ban san inda take ba. Ta zo da kanta ta ci."

Ta koma inuwa ta zauna. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku. Ran na uku ta rarrafa cikin gonar tana lalube. Sai ta ji wasu sun kwanta. Sun miƙe jiki a ƙasa sun nufi taki, kowace gaɓa ta kafa saiwa, ta kama wuri, ta danne na kusa da ita. Ta shafa jikinsu, ta ji gashi gashi, kamar haɓar ɗan akuya.

Ta lalubi wasu kuma suna nan tsaye, sirara. Ta shafa, ta ji sumul.

Ta ce, "Ke ba ki je cin taki ba?"

'Yar siririyar murya ta ce, "Nan aka ajiye ni."

Tarana ta ce, "Alhamdu lillahi."

Ta damƙi mai gashi ta fizge. Harkiya ta ƙwalla ƙara, "Wayyo! Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya!"

"Na sani. Shi ya sa na sha wuya."

"Ni ce Acca! Gashin nan na sanyi ne!"

"To ki je ki sha rana."

Ta wurga ta bayan dutse. Daga ranar ta shiga gonar da gwiwa. Ba fartanya, yatsu kawai. Ta shafa, ta cire. Ta shafa, ta bari. Tana yi tana waƙa:

"Mai gashi fito, mai gashi fito,
mai santsi zauna, ba da ke nake ba.
Ido ya duba ya ce ɗaya ne,
yatsa ya shafa ya ce biyu ne."

Kwana tara tana yi. Gwiwoyinta suka sale, yatsunta suka tsage. Abin da ta cire kuwa jakin Sarki ne ya gano wurin, kullum sai ya zo ya cinye. An ce har jakin nan ya mutu yana cewa bai taɓa ganin shekara mai albarka irin wannan ba.

Acca ta samu iska. Ta tashi, ta yi ciki, ta fitar da kai, 'yan yatsu sirara uku uku, huɗu huɗu. Tsuntsaye suka ji labari suka sauko. Nan Mantau ya samu aikinsa. Tarana ta tara masa tsakuwa a gaba, yana zaune yana jifa. Ƙafa ce ba shi da ita, hannu kam akwai. In ya jefa sai ya ce, "Na samu!" Ita kuma ta ce, "Ƙarya kake, na ji ta tashi."

Abincinsu tafasa. Tafasa da safe, tafasa da rana. Ran da suka gaji da ita su ci rama, washegari su koma. Tarana ta rame, amma tana tsaye. Mantau kuwa kullum in ta ja shi a buzu sai ta ji ya fi jiya rashin nauyi. Jifansa ya fara gajarta. Da yana kai wa ƙarshen gona, ya koma tsakiya, ya koma bakin ƙafarsa.

Ta je ƙofar fada ta roƙi ludayi ɗaya na gari, ba don kanta ba. Mai tsaron rumbu ya ce shi ba shi ya yi doka ba. Ta ce a kai ta wurin Sarki. Aka ce yana gona.

Ta dawo ta durƙusa gaban Acca.

"'Yar nan, ki yi sauri. Don Allah ki yi sauri."

Acca ta ce, "Iya, kwana saba'in ne. Ba ni da wata hanyar. In kin yanke ni yau, ruwa ne a cikina."

Ran kwana sittin da bakwai da hantsi, Mantau ya ce, "Tarana, saura kwana nawa?"

"Uku."

"Uku da yawa."

"Rufe mini baki. Ka yi shekara tamanin, uku ce za ta gagare ka?"

"To ji nan. In kin dafa, kwanon farko nawa ne. Na san halinki, kar ki ce kin manta."

"Naka ne. Jefi tsuntsun can, ina jin sa."

Ta jira ƙarar tsakuwa. Ba ta ji ba. Ta ce, "Mantau." Ta ce, "Kai gurgu." Ta miƙa hannu ta lalubo nasa, tsakuwar na ciki.

Ba wanda ya zo, don ba wanda ya sani. A lokacin rumbun gari ma ya ƙare, kowa na kwance a ɗakinsa yana jin cikinsa, kuma an daɗe da daina bi ta bayan gari. Tururuwa ne suka zo. Suka yi layi tun daga daji, suka haƙa a gindin dutse inda ƙasa ke da taushi. Su suka haƙa, ita ta yi addu'a. Ranta ya ɓaci ɓacin da bai taɓa yi ba, ta rasa ma wanda za ta yi wa faɗa.

Kwana uku Acca ta ce, "Iya, na nuna. Ki zo da sassafe da raɓa a jikina. In rana ta buɗe, taɓa ni kaɗan zubewa zan yi."

Tarana ta zo da lauje tun raɓa na jiƙa zane. Ta yanka, ta ɗaure, ta tara. Ta shanya a kan fa. Da ya bushe ta hau da ƙafa ta tattake, ta sheƙe. Tafin hannu ɗaya ta shuka, kwando goma sha biyu ta kwashe. Kar ku tambaye ni yaya, ban je da mudu ba.

Ta zuba a turmi ta surfa. Ta kawo ƙwarya biyu da ruwa ta hau regewa, don yashi da acca girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, mai ido sai ya tauna yake ganewa. Ita kuwa tana jin yashin yana kwanciya a gindin ƙwarya. Ruwa bakwai ta canza. Sannan ta ɗora tukunya.

Ƙamshi ya tashi. Ya haura dutse, ya bi ta bayan gari, ya shiga lungu lungu. Mutanen da suka kwana biyar ba su ga hayaƙi ba suka fara fitowa. Dawa kuwa tana can gona, saura wata guda, ko a jikinta. Yara suka fara isowa, sai mata, sai maza, kowa da ƙoƙonsa a bayansa yana ɓoyewa. Can ƙarshe ga Sarkin Noma Barmo, a ƙasa, rawani ya yi masa yawa.

Ya yi gyaran murya. "Iya, me ake dafawa?"

"Ciyawa, ranka ya daɗe."

Cikinsa ne ya amsa, kowa ya ji.

Tarana ta ce, "Akwai, za ta isa kowa. In an dama kunu za ta kai ku har dawa ta nuna. Amma kwanon farko na Mantau ne, na yi masa alkawari. Shi ya kori tsuntsu. Ba mai ci sai an kai masa, kuma kai nake so ka kai, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne."

Ta tuƙa tuwo, fari sol, ta kwashe a akushi, ta zuba miya. Ta ɗora masa a hannu. Ya ɗauka, tururi na dukan fuskarsa, yawu na cika masa baki. Ya zaga dutse, jama'a na biye da shi, har ƙofar bukkar Mantau.

"Salamu alaikum."

Shiru.

"Salamu alaikum, Baba Mantau. Sarki ne da kansa. Ga abinci."

Shiru.

"Salamu alaikum."

Ya ɗaga asabari ya leƙa. Tabarma a naɗe, murhu ya yi sanyi, har yanar gizo ta rufe bakin randa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juyo da akushin, ya dawo wurin Tarana.

"Iya, ban same shi ba."

"Da ka zo kwana shida da suka wuce, ka same shi."

"Ina ya tafi?"

"Gurgu ne, ina za shi? Yana gindin dutsen can. Tururuwa suka yi masa sutura." Ta gyara itacen murhu. "Ka binne mini iri, kwana goma. Ka nome mini gona, kwana ashirin. Talatin ke nan, ranka ya daɗe. Shi uku yake nema."

Sarki ya dubi akushi, ya dubi dutse. Ya zauna a ƙasa, a kan tsakuwa, da rigar sarautarsa.

Ya ce, "Iya, taimako na yi niyya."

"Na sani. Ai da mugunta ce da na san yadda zan kauce."

Ya ce, "Dokar nan na kashe ta. Daga yau duk mai baki a garin nan za a ba shi, da gona ko ba gona."

Ta ce, "To."

Ta fara zuba wa yara, sannan mata, sannan maza. Kowa ya samu gefe ya zauna yana ci. Sarki na nan riƙe da akushi, tuwon ya fara hucewa.

Ya ce, "Wannan fa, yaya zan yi da shi?"

Tarana ta ce, "Ka ci. Ba a zubar da abinci a shekara irin wannan."

Ya wanke hannu ya ci. Tuwon ya yi daɗi, ba yashi ko ƙwaya ɗaya. Yana ci hawaye na sauka cikin miya, ya cinye tas, don yunwa yake ji.

Ƙurunƙus, kan tururuwa, wanda ya raina shi ya kawo nasa.

Ku dai ku riƙe wannan. In za ka taimaki mutum, tsaya ka tambaye shi, in ya buɗe baki ka bari ya kai ƙarshen maganarsa. Kuma in an kwana biyu ba ku ji motsin maƙwabci ba, ku je ku leƙa. Kande, ɗauki ƙanenki, ya yi barci tun wajen gayya.